Octavia Butler ta hango gaba ne, ko lura ta yi da zamaninta?

Ɗalibar adabi: Assalamu alaikum. Jiya na kammala littafin Parable of the Sower na Octavia Butler, marubuciya baƙar fata 'yar Amurka, har yanzu jikina a sanyaye yake. An buga shi a 1993, amma labarin ya fara ne a watan Yulin 2024, a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles. Ruwa ya yi tsada, wuta na ci ko'ina, mutane na kaura zuwa arewa a ƙafa. Sai ga shi a Janairun 2025 gobara ta cinye Altadena, garin da kabarinta yake. Ni dai na ce matar nan ta hango gaba.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. 'Yata, a yi hattara da wannan kalma, gaibu sai Allah. Gobarar daji ba baƙuwa ba ce a Kalifoniya, busasshiyar iskar Santa Ana ce ke rura ta kusan kowace shekara. A Pasadena aka haifi Butler a 1947, kuma Pasadena da Altadena maƙwabta ne. Da hayaƙin nan ta girma.

Ɗalibar adabi: To Malam, ɗan takarar shugaban ƙasa da ke cikin littafi na biyu fa, Parable of the Talents na 1998? Takensa shi ne a maido wa Amurka ɗaukakarta. Da shi Trump ya ci zaɓe a 2016.

Ɗan jarida: Ƙanwata, tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan ya yi kamfe da kusan wannan taken tun 1980, kuma ya yi gwamnan jiharta ta Kalifoniya daga 1967 zuwa 1975. Da kunnenta ta ji shi.

Hajiya mai shagon littattafai: Ni abin da ke sosa mini rai daban ne. Duk wanda ya ce hange ne kawai ya faɗo mata, ya zubar mata da gumi. Mahaifinta mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen fararen fata, yarinyar na biye da ita, tana ganin yadda ake shigar da uwarta ta ƙofar baya. Ga matsalar harhaɗa baƙaƙe da ta yi fama da ita a makaranta. Da ta girma, ƙarfe 2 na dare take tashi ta yi rubutu, gari ya waye ta tafi wankin kwanuka ko aikin masana'anta. Takardunta suna nan a ɗakin karatu na Huntington, cike da labaran jaridu da take yankewa tana adanawa. Ita da kanta ta rubuta a 2000 cewa matsalolin da aka yi sakaci da su ta duba, ta ba su kamar shekara 30 su girma.

Ɗalibar adabi: Hajiya, na yarda da gumin. Amma miliyoyin mutane sun ji Reagan, sun ga hayaƙin. Su nawa ne suka zauna suka lissafa inda abin zai kai?

Malamin makaranta: Ki lissafa har da abin da bai faru ba. A littafin farko akwai ƙwayar da ke sa mutum jin daɗin cinna wuta. Ina take yau? Mun riƙe wanda ya dace, mun manta da sauran.

Hajiya mai shagon littattafai: Kuma ku duba, a 1995 ta samu kyautar MacArthur da ake ba masu hazaƙa a Amurka, ita ce ta farko cikin marubutan ƙagaggun labaran kimiyya. Duk da haka Parable of the Sower bai shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times ba sai a 2020, shekara 14 bayan rasuwarta a 2006. Tana raye tana gargaɗi, kaɗan ne suka saurara. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Ɗalibar adabi: Na janye kalmar da Malam ya yi gyara a kanta. Amma ranar da na ga hotunan Altadena, shafukan nan ne suka fara faɗo mini a rai, kuma ban ga wanda ya kusanci abin kamarta ba. Hajiya, in akwai littafinta Kindred a shago ki ajiye mini ɗaya, zan biyo ranar Asabar in sha Allah.