Neman shawara: na tsayar da ranar wasan kaka, ruwa kuma bai ɗauke ba

Sakataren Matasa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na daɗe ina karanta bayananku kan hadari da iska ba tare da na sa baki ba, amma yau abin ya zo kaina, domin daren jiya ban runtsa ba. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu, a gabashin Jihar Kano wajen iyakar Jigawa, kuma shekara uku ke nan ana ɗora mini alhakin tsayar da ranar wasan kaka. Wasan nan ya girme ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma a zamaninsa da zarar amfanin gona ya shiga rumbu sai 'yan dambe su fara zagaya garuruwa, su sauka a zaurenmu, a shimfiɗa musu tabarmi, mahaifiyata da abokan zamanta su kwana suna tuƙa tuwo, a yi kwana uku kalangu bai yi shiru ba. Ina ƙarami ni ne mai riƙe wa ɗaya daga cikinsu zaren da yake naɗe hannu da shi. Bayan rasuwar mahaifina abin ya mutu tsawon shekaru, har sai da muka taru muka tayar da shi, muka haɗa da gasar ƙwallo tsakanin unguwanni, a rufe da dambe da kokawa a rana ta ƙarshe. Saboda wannan wasa ne ma na kafa ma'aunin ruwan sama a bayan gida tun 2021, kuma ba a taɓa yin ruwa ban rubuta shi a littafi ba.

Bana, wato 2025, na sa a fara ranar Asabar 18 ga Oktoba, a rufe ranar Asabar 25. To, shekaranjiya da dare, 7 ga wata, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya zubar da ruwan da har yanzu yana kwance a gefen fili. Tun daga nan manya suke cewa yaro ya yi gaggawa. Don Allah ku gaya mini, ruwan nan na bankwana ne, ko akwai wani a bayansa?

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, kada ka taɓa ranar nan. Shekara talatin na yi ina koyar da wannan darasi. Iska biyu ce ke mulkin ƙasarmu, ta kudu maso yamma mai ɗauko laima daga teku, da ta arewa maso gabas busasshiya mai fitowa daga Sahara. Mahaɗarsu tana hawa arewa har watan Agusta, lokacin marka ke nan, sannan ta juya tana komawa kudu, kuma komawarta ta fi hawanta sauri. Shi ya sa damina take shigowa da jan ƙafa amma ta fita kamar an rufe ƙofa. A yankin Kano ruwa yakan ɗauke tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, saboda haka abin da ka gani jelar damina ce, irin hadarin nan mai yawan iska da tsawa. Ka shanya riga gobe da safe ka ga yadda za ta bushe da wuri, ka kuma duba ko shamuwa tana nan a bisa itatuwan garinku. Na tabbata ta tafi.

Baba na Gumel:
Malam ya yi bayani irin na boko, Allah ya ƙara ilimi. Mu a lissafin da muka gada, taurari 28 ne a shekara, kowane yanayi yana da bakwai, kowane tauraro yana kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14. Na kaka su ne Sarfa, Iwa, Simaku, Gufuru, Zubana, Iklilu da Ƙalbu, kuma tun muna yara mun san ana samun ruwa a na farkonsu, don haka shigar kaka dabam, ɗaukewar ruwa dabam. Amma ni ba ruwan ne ya dame ni ba, jikana. Ka ce mahaifinka yakan karɓi 'yan dambe bayan amfani ya shiga rumbu. A tsakiyar Oktoba gero kaɗai ne ya shiga. Dawa tana tsaye tana shan raɓa, ba a gama roron wake ba, wasu ma ba su gama cirar gyaɗa ba. A wane fili za ku yi wasan, kuma mene ne a kewayensa?

Manomi daga Kazaure:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bara waccan haka samarin garinmu suka yi mini. Gonata tana jikin filin ƙwallo, na shuka wake a tsakanin dawa, ya yi kyau har mutane suna tsayawa kallo. Ranar wasan ƙarshe jama'a ta yi yawa, aka ja baya aka shiga kunyoyina, masu babura suka jingine su a jikin karan dawa, yara kuma suna tsinkar ɗanyen wake suna ci. Da gari ya waye ko harawar da zan ba tumakina ban samu mai kyau ba. Na kai kuka wurin shugabannin matasan, suka ce in yi haƙuri, abin gari ne. Har yau ko sannu babu wanda ya zo ya ce mini, kuma dukansu 'ya'yan abokaina ne, shi ya sa na kasa kai maganar gaba.

Sakataren Matasa:
Na gode, Malam, ka sanyaya mini zuciya. Baba, Allah ya ƙara girma, filin makarantar firamare ne, kuma sai an tashi yara da rana muke shiga. Gaskiya ne akwai gona a gabas da shi, ta baffana ce ƙanin mahaifina, kuma akwai dawa a ciki, amma za mu ɗaura igiya. Ba da ka na zaɓi Oktoba ba. Samarinmu da zarar sun yanke dawa suke ɗaukar jaka su tafi cin rani Legas da Abuja da Fatakwal, bara ma da muka kai ƙarshen Nuwamba unguwa biyu ba su iya haɗa mutum goma sha ɗaya ba. Ban da haka, na riga na ba makaɗa kafin alƙalami, an kuma buga takardun gayyata da ranar a jiki.

Ɗaliba daga Samaru:
Ina neman afuwar Malam, domin ni ɗaliba ce a gabansa. Abin da ya faɗa shi ne abin da aka saba gani, amma ba kowace shekara ce take bin sa ba. A 2019 an yi ruwa mai yawa a watan Oktoba a sassa da dama na Afirka ta Yamma, har da arewacin Najeriya, a lokacin da ake zaton an gama. Babu wanda zai iya ba ka tabbacin ranar 18 tun daga ranar 9. Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen kwana uku, shi ne abin da ya fi dacewa ka riƙa bi, Yaya, sannan ka tanadi wata rana ta biyu ka sanar da mutane tun yanzu.

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
'Yata, na san 2019, ina raye aka yi ta. Ba a gina shiri a kan shekara ɗaya da ta fita daga sahu. In ya sanar da rana ta biyu, kowa zai ɗauka ta farkon ta rushe, 'yan damben da ya gayyata su karɓi wata gayyatar. Kuma ku gaya mini, ina zai kai ta? Nuwamba ya ce samari sun watse. Disamba kuwa iskar hunturu ta kankama, tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo ya rufe gari har jirage su kasa sauka a Kano wasu ranaku. Ga gasar cin kofin Afirka da za a fara a Maroko ranar 21 ga Disambar 2025, ba a gamawa sai 18 ga Janairun 2026, kuma duk yaron da ka sani yana gidan kallo a wannan lokaci. Bayan nan da wata guda azumi ne, tunda watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Masu shirya manyan wasanni ma yanayi suke dubawa: gasar Afirka ta Kwaddibuwa an ɗage ta daga tsakiyar 2023 zuwa Janairun 2024 ne saboda damina, ta duniya a Katar kuma an kai ta Nuwamban 2022 saboda zafi. Su sun gudu daga tsakiyar matsala ne, shi kuwa yaron nan yana bakin fita daga cikinta. Ya tsaya a kan ranarsa.

Ɗan Damagaram:
Malam, da girmanka, ban yarda da abin da ka faɗa kan Disamba ba. Mu a Nijar gasar kokawa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, a 'yan shekarun nan ƙarshen Disamba ake yin ta, cikin sanyi da ƙura, kuma ƙasa gaba ɗaya takan tsaya tana saurare. Ɗan kokawa ya fi son sanyi. Oktoba lokacin agazari ne, rana tana dukan mutum ga laima ba ta gama fita daga ƙasa ba, gumi ya sa jiki santsi, kamu ba ya zama. Na faɗi irin wannan magana a nan bara da wani ya yi tambaya kan ranar ɗaurin aure, aka bi ta kaina kamar ban yi magana ba, saboda ana ganin mu na arewa yanayinmu dabam ne. Alhali iskar da za ta iso muku ta kanmu take bi, mu muke fara ganin ta.

Hajiya Ma'aikaciyar Jinya:
Kowa yana maganar sama, babu mai maganar mutanen da za su tsaya a filin. A wurin aikina ƙarshen damina ne muka fi cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro, kuma ruwan da ƙanena ya ce yana kwance a gefen fili shi ne gidan sauron. In wasan zai kai magariba, a cike wurin da ƙasa tun yanzu. Disamba ma ba lafiya ba ce ga masu asma da tsofaffi. Abin da yake ɓata mini rai da masu shirya irin wannan taro shi ne ba sa tanadin ruwan sha, ba sa ware wa mata da yara inuwa, sai wani ya faɗi sannan a zo ana buga mini ƙofa da dare. Sau biyu ana yi mini haka a unguwarmu. Sannan ƙanena, ban ji ka ce baffanka ya amince ba. Ka ce za ku ɗaura igiya ne kawai.

Sakataren Matasa:
Hajiya, maganar ruwan sha tana cikin shirinmu, mun yi magana da masu kura biyu. Game da Baffa, ban je ba tukuna, kuma ina da dalili. Shi yana cikin waɗanda tun farko ba su so a tayar da wasan ba, yana cewa an bar sana'a an koma wasa. In na je masa yanzu da ruwa a ƙasa, zai ce ga abin da yake faɗa. Na fi so sama ta washe kwana uku ko huɗu, in je masa da ƙarfin gwiwa. Ɗan'uwa na Damagaram, na ji maganarka, amma kokawarmu ta awa biyu ce da la'asar, ba kamar taku ba. Ƙanwata ta Samaru, littafina na shekara huɗu bai nuna ruwa bayan 12 ga Oktoba ba ko sau ɗaya, shi ya sa na sa 18. Ni dai abin da nake so in sani shi ne ko wani a cikinku, musamman na gabas da mu, ya ga alamar juyawar iska.

Tsohon Malamin Labarin Ƙasa:
Littafinka ya gaskata ni. Ka ci gaba da shirinka, ka bar maganar rana ta biyu.

Manomi daga Kazaure:
Igiya ba ta tsare taro, ni na gani da idona. In baffan naka ya wayi gari ya ga an karya masa dawa, wa zai biya shi, kai ko ƙungiya?

Baba na Gumel:
Jikana, ka tambayi na gabas, to ga ni. Yau da asuba raɓa ta sauka sosai har ta jiƙa mini takalmi, gawon ƙofar gidana kuma ya fara fitar da sabon ganye, waɗannan duka alamun rani ne. Amma yanzu da nake wannan rubutu bayan la'asar, iska ta tsaya cik, zafi ya yi yawa, kuma akwai gajimare yana taruwa ta wajen Haɗeja. Zan sake dubawa bayan isha'i in gaya maka abin da ya zama.