Faifan Coldplay na mutuwar aure: me masu sharhi suke so ya faɗa?

Tukur_Samaru:

Assalamu alaikum. Tambayata ga masu sauraron waƙoƙin Turawa ce, musamman na rok. Maganar Ghost Stories nake yi, faifai na shida na ƙungiyar mawaƙan Ingila Coldplay, wanda ya fito a watan Mayun 2014. A watan Maris na shekarar ne jagoran ƙungiyar Chris Martin da matarsa, 'yar fim Gwyneth Paltrow, suka sanar da rabuwarsu, bayan aure tun 2003 da 'ya'ya biyu. Saboda haka duk wanda ya saurari waƙoƙin nan tara ya san halin da mai su yake ciki.

Ni faifan nan ya riƙe ni ƙwarai. Gyaran waya da kwamfuta nake yi a Samaru, idan ɗaliban ABU suka ɗauke ƙafa da dare shi nake sakawa ina ƙarasa aiki. Nima aurena ya mutu, 'yarmu ɗaya tana hannun mahaifiyarta a Tudun Wada. Abin da ya kama zuciyata shi ne daga farkon faifan har ƙarshensa babu habaici, babu gori, babu inda ya ce ga laifinta. Kewa ce kawai, da rashin barci, da mutumin da yake cewa har yanzu yana ganin darajar abin da suka yi tare. Kiɗan ma a hankali yake tafiya, piyano da ɗan sautin na'ura, ba irin hayaniyar faifansu Mylo Xyloto na 2011 ba.

To sai na je na karanta abin da masu sharhi suka rubuta, raina ya sosu. Metacritic, da ke tara makin jaridu, 61 cikin 100 ta ba shi. Shafin sharhin waƙoƙi na Pitchfork kuwa 4.4 cikin 10. Da yawansu cewa suke yi faifan lami ne, kamar miya ba gishiri, kalmomin ba su faɗi komai ba.

Don Allah me suke so ya faɗa? Ya tona asirin uwar 'ya'yansa a gaban duniya sannan a ce ya yi fasaha? Yaran nan za su girma su ji waƙoƙin. Mu an koya mana a riƙe da alheri ko a saki da kyautatawa, yana nan a Baƙara aya ta 229. Sai ga wanda ba Musulmi ba ya kwatanta hakan, aka rage masa maki.

Dan_Kongo:

Wa alaikumus salam. Yaya Tukur, Allah ya raya yarinya. Amma ina ganin ba zagi suke nema ba. Dubi ƙungiyar Radiohead. Mawaƙinsu Thom Yorke ya rabu da Rachel Owen a 2015 bayan shekara 23 tare, faifansu A Moon Shaped Pool ya fito a 2016, babu zagi ko ɗaya a ciki, kuma masu sharhin nan dai su ne suka yi ta yabonsa. Ke nan kawaici ba shi ne matsalar ba.

Ina ɗan taɓa jita, kuma abin da ni na ji shi ne baitocin Martin kowa zai iya rera su ga kowace mace. Babu ɗaki, babu wata rana, babu wani abu da za ka ce wannan gidansu ne. Sannan kana cikin jimami sai ga "A Sky Full of Stars" da suka yi da makaɗi Avicii, kiɗan rawa sosai, dab da ƙarshe. Ni a nan faifan ya kuɓuce mini. Ko a gasar lambar yabo ta Grammy ta 2015 rukunin pop aka saka shi, ba rok ba, kuma Sam Smith ne ya ɗauka.

Maman_Sadiq:

Malam Tukur, ni ban san jita ba, ƙanwata ce ta tura mini waƙoƙin lokacin da nake idda a gidanmu a Ƙofar Doka. Zan yi magana a kan shirun da kake yabo, don shiru iri biyu ne.

A garin nan namiji zai miƙa takarda ya ja bakinsa, a ce masa dattijo. Amma shirun nasa ba ya kare matar. Unguwa ce za ta cike gurbin: me ta yi, ai ba a sakin mace haka kawai, dama an ce ba ta da haƙuri. Shi ya sake aure kafin ta gama idda, ita kuwa sunan bazawara ya bi ta har wajen biki da suna. Da zai buɗe baki sau ɗaya ya ce ba ta yi mini komai ba, zama ne ya ƙare, da ya rufa mata asiri fiye da shirun shekara goma.

Abin da ya sa nake girmama faifan nan ke nan. Mutumin bai yi shiru ba. Ya fito fili ya ce shi ne ke cikin ciwo, shi ne ke kewa, kuma bai ƙasƙantar da ita ba. Namiji nawa ne a Zariya zai yarda a ji haka daga bakinsa? Kuma ba a waƙa ya tsaya ba, a faifansu na 2015 akwai muryar Gwyneth a cikin waƙar "Everglow", tun kafin kotu ta kammala sakin a 2016. Masu ba da maki ba su auna wannan, kuma ban ga laifinsu ba, ba aikinsu ba ne.

Tukur_Samaru:

Maman Sadiq, Allah ya saka da alheri, maganarki ta shige ni. Dan Kongo, zan nemi na Radiohead ɗin. Amma ban yarda cewa rashin ambaton ɗaki da rana rauni ne ba. Thom Yorke ba 'yar fim ɗin Amurka ya aura ba. Martin kuwa duk kalmar da ya furta 'yan jarida za su ɗauka su auna ta a kan matar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma wannan rashin takamaiman bayani a baitin da kake kuka da shi, shi ya ba ni wurin shiga da nawa labarin. Faifan ya hau na ɗaya a Ingila da Amurka, ina zaton irina suna da yawa a cikin masu sayen.

Baba_SabonGari:

'Ya'yana, ku bar ɗaukar makin nan da zafi. A zamaninmu mawaƙin Amurka Marvin Gaye ya yi abin da Dan Kongo ke nema. Faifansa Here, My Dear na 1978 a kan sakinsa da Anna Gordy ne, har an yi yarjejeniya a ba ta kaso daga kuɗin faifan. Ya zayyana komai, rigimar kuɗi, kotu, zargi, har sunanta ya kama. Masu sharhin lokacin ba su karɓe shi hannu biyu ba, kasuwa ma bai yi ba. Sai bayan rasuwarsa a 1984 aka dawo ana cewa yana cikin manyan ayyukansa. Ita kuwa Anna, da faifan ya fito, sai da ta yi tunanin kai shi ƙara saboda tonon asiri.