Na yi bak amma Ingilishi ya ƙi zama a bakina, littafi ko tafiya?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu. Ni a Garwa nake nan Kamaru, duk karatuna da Faransanci na yi shi, kuma kun san yadda tsarin yake, tun daga siziyem har tarminal, wato ajin farko na sakandare har na ƙarshe, ana mana darasin Ingilishi, a bak ma, jarrabawar gama sakandare, mun rubuta shi kuma makin ba laifi. To amma wallahi da zarar mutum ya tsaya gabana ya fara magana sai kaina ya ɗaure, in takarda ce zan karanta in gane kusan komai amma baki ya ƙi buɗewa. Yanzu aiki nake son nema a ONG ɗin nan, ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu, na wajen Marwa da Mokolo, kuma kusan duk sanarwar da ka duba mai harshe biyu suke so. Wasu sun ce in sayi babban littafin nahawu in zauna in haddace, wasu sun ce ɓata lokaci ne in tsallaka Najeriya kawai in zauna cikin masu yi. Kuɗina ba za su ɗauki duka biyun ba. Wanne ya fi?

Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena bar wahalar da kanka da littafi, yare a kasuwa ake koyonsa. Ni lakwal ɗin ma, wato boko, ban yi nisa ba amma har Anacha nake sayo kaya, kuma ba Inyamurin da ya taɓa sayar da ni don ban ji abin da ya ce ba. Ka shiga Mubi ko Yola ka ɗan zauna, kunnenka zai buɗe da kansa. Ga Yola nan kusa, kogin Binuwai ɗaya muke sha da su.

Malamin Lise, Marwa:
Alhaji Allah ya ƙara kasuwa, amma a nan kam ban bi ka ba. In yaron nan ya je Mubi Hausa zai sha da Fulatanci tun safe har dare, mai shayi Hausa, mai mashin Hausa, mai gidan haya Fulatanci, ya dawo da Hausarsa ta ƙara kyau kuɗinsa sun ƙare. Kuma abin da kuke yi da mutanen Anacha broka ne, shi ma yare ne mai zaman kansa da ƙa'idarsa, da shi za ka ci kasuwa daga Legas har Kumba, amma ba shi ake so ranar intabiyu ba.

Ɗan Garwa, ni abin da nake gani wurin ɗalibaina kullum shi ne ba kalmomi kuka rasa ba. Kalmomi kuna da su fiye da yadda kuke zato, don tun da mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi a 1066 Faransanci ya zama yaren fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, kalmominsa suka cika Ingilishi maƙil. Shi ya sa kake gane takarda: government, information, justice, duk naka ne. Sai dai ka kiyayi 'yan yaudara, library ɗakin karatu ne ba shagon sayar da littafi ba, actually ba ya nufin yanzu, attend kuma halarta ne ba jira ba.

Inda ciwon yake shi ne fi'ili. Kana ɗinka jimlar da Faransanci a kanka sannan ka juye ta, kafin ka gama mai maganar ya wuce, kuma Faransanci a wannan wurin mugun jagora ne. Misali je mange guda ɗaya ce, ko kullum kake ci ko yanzu hannunka ke cikin kwano. Ingilishi ya raba su biyu, Hausa ma ta raba. "Nakan ci tuwo" shi ne I eat, "ina cin tuwo" shi ne I am eating. Ka ga abin da yaran Yawunde ke shan wuya a kai kai tun kana goye kake da shi. Haka in baƙo ya zo an miƙo masa abinci ya ce "na ci", wato cikinsa a cike yake yanzu, wannan shi ne I have eaten. Amma da zarar ka ambaci lokacin da ya wuce, jiya ko bara ko ɗazu da safe, sai have ta faɗi, ka ce I ate yesterday. Ɗalibai suna ganin j'ai mangé hier sai su kwafo ta yadda take su ce I have eaten yesterday, a takardun jarrabawa ba kuskuren da na fi ja wa jan biro kamar wannan. Sai na shekaru, I have twenty years, shi ma daga Faransanci ya tsallako, I am twenty ake cewa.

Ba na ce Hausa da Ingilishi sun dace ko'ina ba fa, mu mota mace ce muna cewa ta lalace, su kuma it ce ba she ba. Kuma harshenmu na haɗa p da f, sai ka ji people ta koma fiful, wannan sai ka zauna ka horar da leɓenka. Amma h ɗin da masu Faransanci ke haɗiyewa, har hungry ta koma angry mai yunwa ya zama mai fushi, kai ba ruwanka da wannan matsalar, a Hausa da hannu da hanya duk kana furta ta.

Littafi kuwa ƙarami ya ishe ka, mai atisaye da amsoshi a baya. Sauran kuɗin ka sa mega, wato datar intanet.

Yar Njamena:
Malam ya gama magana a kan nahawu, ni ta wajen aikin zan ɗan ƙara tunda a ONG nake. Mu nan Cadi ma ku kun fi mu gata, ku Ingilishi yaren gwamnati ne a ƙasarku tun haɗewarku da yankin masu Ingilishi a 1961, mu Faransanci da Larabci ne, sai da man fetur na Doba ya fara fita a 2003 ga kuma 'yan gudun hijirar Darfur a gabas wajen Abeshe sannan mutane suka farga da amfaninsa. Ƙanena a ofis ba wanda zai tambaye ka sunan wani tense, rahoto za a ce ka rubuta, imel za ka amsa, a mitin a ce ka yi bayanin abin da ka gani a fili cikin minti biyu. To lambobi ka fara kamawa don nan ake jin kunya. Mu 1,5 muke rubutawa su 1.5, waƙafin nan a wurinsu na raba dubbai ne, 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar kenan ba ɗaya da rabi ba. Milliard namu shi ne billion nasu. Kwanan wata kuma Amurkawa wata suke fara sawa kafin rana, in suka rubuta 03/04 ba uku ga Afrilu ba ce, huɗu ga Maris suke nufi, mutanen Ingila kuwa irin namu suke yi. Akwai abokin aikinmu da ya shirya taro guda a ranar da ba ita ba saboda wannan, har an yi odar abinci.

Sai al'ada, wadda ni ta fi ba ni wuya a zuciya. Shugabar ofis mai shekarun mamata ta ce in riƙa kiran ta da sunanta tsirara, ba madam ba komai, har yau bakina nauyi yake. Ba su da tu da vous, kowa you ne, girmamawar a cikin could you da please take, in ka bar su sai a ga kamar umarni kake bayarwa ko da fuskarka da fara'a. Gaisuwa kuma gajeriya, in an ce how are you ka ce fine thanks ka wuce, kar ka tsaya tambayar gida da yara da gajiya da zafi, a imel ma layi ɗaya sai ka shiga maganar da ta kawo ka. Doguwar rufewar nan ta veuillez agréer babu ita, best regards ta wadatar.

Kuma kar ka raina Hausarka a CV. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo tun 2013 'yan Najeriya ne a ciki, wanda ke jin Hausa da Faransanci da Ingilishi ga ɗan Fulatanci ba kullum suke samun irinsa ba.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam maganar nakan da ina ɗin nan wallahi ba wanda ya taɓa faɗa mana ita a aji. To amma da wa zan riƙa yin maganar? Da na so Buya ko Bamenda, yankin masu Ingilishi, sai dai tun rikicin da ya fara a 2016 Baba ya ce ko da wasa kar in tayar masa da zancen.

Malamin Lise, Marwa:
Baba ya yi gaskiya, ka zauna inda kake. Ai mutanen Bamenda da Buya suna nan Garwa tare da kai, malaman lise bileng, sakandare mai harshe biyu, ma'aikatan asibiti, masu shago, sai dai su da kansu Faransanci za su yi maka don sun saba, kai za ka roƙa. Ka samu ɗaya ku yi yarjejeniya, rabin awa Ingilishi zalla, kai kuma ka biya shi da Fulatanci ko Hausar cefane, da yawansu suna so. Ka ce masa kar ya sa maka broka a lokacin, kuma kar ya katse ka, ya bari ka kai aya sannan ya gyara. Da dare ka kalli labaran CRTV, talabijin ɗin gwamnati, na Ingilishi na 7:30, in na Faransanci ya zo 8:30 yawanci labaran ɗaya ne sai ka ga abin da ya wuce ka. Darussan BBC Learning English kyauta ne a intanet, ka sauke lokacin da rezo, wato sabis, ke da kyau, ka saurara kana maimaitawa da ƙarfi ba a zuci ba, ko 'yan gida za su yi dariya.

Mai Atamfa:
To Malam na ji, ku ne masu biro. Amma Ɗan Garwa in ka tashi neman mutumin Bamendan ka zo kasuwa ka same ni, akwai maƙwabcin shagona mai sayar da kayan mashin, surutu gare shi kamar rediyo, rabin awa ba za ta ishe shi ba.