Kuɗin rajistar gudun tunawa da mahaifiyata sun cakuɗe min

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Mahaifiyata ta rasu bara sakamakon kansar mama, Allah ya jiƙanta, shi ne muka shirya gudun kilomita 5 ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da cutar daji ta duniya, abin da aka tara a biya wa marasa ƙarfi kuɗin gwaji.

Rajista ce ta tsaya min a wuya. Na yi fom a Google, kuɗin kuma asusuna ake turowa, to sunan da ke fom daban na alat daban, wata da asusun mijinta ta tura, wani ya biya wa mutum huɗu a dunƙule bai rubuta komai ba. Na ce a turo hoton rasit ta WhatsApp, sai ga rasit ɗaya hannun mutum biyu. Na je buɗe asusun ƙungiya an ce sai da takardar rajista, ita kuwa ba za ta fito kafin ranar ba. Kuɗin sadaka ne da sunan marigayiya, bana son ƙananan maganganu.

Ya zan yi in gane wa ya biya wa bai biya ba, ba tare da sabon asusu ba? Na gode.