Wace kalma za mu sa wa "science communication"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Litinin za mu fara horar da masu bincike yadda za su yi bayanin aikinsu a rediyo da talabijin, ga mai buga allon taro yana jirana gobe da safe. Na rubuta "sadarwar kimiyya", amma da na karanta wa mahaifiyata sai ta ce, "Au, aikin waya ne?" Ku taimaka.

Malamin jami'a: Hajiya ta yi gaskiya. Tunda aka ce Ma'aikatar Sadarwa, kunne ya ɗaure kalmar da waya da intanet. Ki sa "isar da kimiyya ga jama'a".

Ɗan jarida: Dakta, wannan ai jimla ce. Mai aikin fa, me za a kira shi? Ni tuni nake cewa "sanƙiran kimiyya", aikin kuma "sanƙiranci". Sanƙira shi ke ɗaukar magana daga fada ya kai ta kasuwa da murya mai ƙarfi.

Malamin jami'a: Haba! Mutum ya yi shekara goma yana bincike, ka haɗa shi da maroƙa? Babu farfesan da zai zauna ƙarƙashin allon nan.

Ɗan jarida: To wannan girman kan shi ya sa ake horon. Na taɓa sa wani masani a shirina, minti ashirin yana ta "bakteriya, bairos", masu sauraro na kira suna tambaya ko duk ƙwayar cuta ce. Ya kasa cewa ɗaya tana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, ɗaya ba ta ji. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, ai ba masana muka rasa ba, masu iya bayani muka rasa.

Dattijo: Ku duka kun bar tushe. "Kimiyya" Larabci ce, asalinta ma ilimin haɗa sinadarai. Ku ce "sani".

Malama daga Maraɗi: Baba, da girmanka, in muka kori Larabci, "ilimi" da "jama'a" da "Litinin" duk sai sun bi ta. Mu a nan Faransanci na cewa "vulgarisation", mukan ce "yayatawa". Amma ku dubi malamin gona. Shi ya ɗauki buhun nan mai ruɓi uku na ajiyar wake ya kai kasuwannin ƙauye: a zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, bayan watanni a kwance gaban mutane ba ƙwaro, ba a sa guba ba. Bai ce wa kowa "iskar oksijin" ba, cewa ya yi ƙwaro ya rasa numfashi. Wannan aikin muke nema wa suna.

Dattijo: "Yayatawa" ta fi dacewa da jita-jita, 'yata.

Ɗan jarida: Abubakar Imam da ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai jira kwamiti ba. Sanƙiranci dai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. A allo zan sa "Horon Isar da Kimiyya ga Jama'a". Sunan mai aikin zan bar wa mahalarta su zaɓa ranar Litinin.

Malamin jami'a: Ya yi. Amma a takardar shaida ki bar "sadarwar kimiyya", ita hukumomi suka sani.

Ɗan jarida: Na haƙura da allon. A shirina na Asabar kuwa sanƙira zan ce.