Digimon Survive a PS4: in saya wa ƙanena ko in haƙura?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya gama jarrabawar BECE, kuma na yi masa alkawarin gem ɗaya a PS4 ɗinmu. Ya kafe sai Digimon Survive, don ya ga Agumon, ɗan dodon nan na Digimon, a jikin kwalin. Wani mai shago a Adum, nan Kumasi, ya ce zai ba ni faifan na hannu a sidi 350, amma in ka saya ba mayarwa. Abin da ke damuna biyu ne: yaron shekararsa 15 amma karatun Turancinsa da sauƙi-sauƙi, sannan ba mu da intanet a gida. Don Allah wanda ya buga da hannunsa ya faɗa min gaskiya. Asabar zan shiga gari.

Yaron Sawaba: Wa alaikumus salam. Yaya, jira Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, su yi ragi ka ɗauko shi da arha, ni haka na yi.

Ɗan Aboabo: PS4 na ce, ƙanena. Ba ni da kwamfuta.

Malamin Asawase: Na buga shi har ƙarshe. Ka fara sanin cewa wannan ba gem ɗin faɗa ba ne, labari ne da ake karantawa, faɗan ya zo daga baya. Su kansu masu shi sun ce kusan kashi 70 cikin ɗari karatu ne. Muryoyin duk Japananci ne, Turancin a rubuce yake a ƙasa, wanda bai iya bin rubutu da sauri ba zai yi ta danna maɓalli ne kawai bai san me ake ciki ba. Labarin kuwa yana da nauyi. Yara 'yan makaranta ne suka je zango, Takuma da abokansa, suka ɓata a wata duniya. Da yawa daga amsoshin da kake zaɓa suna tura ka ɗaya daga hali uku, adalci, fushi ko sulhu, kuma halin ne ke nuna abin da Agumon zai rikiɗa ya zama. Tsoron yaran da rigimarsu sun kama ni sosai, ban taɓa zaton Digimon zai sa in zauna shiru ina tunani ba. Faɗan kuma a fili ne mai gida-gida kamar na dara, kowa da layinsa, in ka zagayo abokin gaba ta baya ko ta gefe dukan ya fi ciwo. Yana da daɗi da farko, amma bayan wani lokaci kusan abu ɗaya kake maimaitawa.

Baban Nana: Ni kam kada a ambaci wannan gem a gabana. Lokacin da ya fito a Yulin 2022 dala 60 ne, na ce ba zan iya ba. Wani yaro a WhatsApp ya ce yana da akawun mai gem ɗin a ciki, sidi 150 kacal. Na tura masa ta MoMo, wato kuɗin waya, ya ba ni, na sauke. Wallahi dare nake raba ina bugawa bayan na taso daga Kejetia, har na kai kashi na 8, daidai inda hanya ke rabuwa. Wata safiya na kunna sai ga kwaɗo a kan hoton gem ɗin. Ashe ya sayar wa wani akawun ɗin, ya cire injina. Na kira, ya toshe ni. Shagon da ya kwatanta min a Alabar na je, mai sayar da takalma na tarar. Haushi ya sa na ciji yatsa na sayi faifai. Ka san me? Faifan na Turai ne, akawun ɗin na Amurka, ajiyata ta ƙi buɗewa. Daga farko na koma, ina sake jin surutun da na riga na ji. A kashi na 2 na ajiye, har yau yana cikin durowa.

Yaron Sawaba: Kawu, ai kai ma dodo ka yi kiwo, ya girma ya rikiɗa ya cinye maka sidi 150.

Baban Nana: Yi dariyarka, ɗana. Allah ya sa kada ka haɗu da irinsa.

Hajiyar Tafo: Allah ya mayar maka da alheri, Baban Nana. Ɗan Aboabo, 350 ya yi yawa. Ɗan yayata ya samu a 200 a wajen PZ.

Mai Gyaran Pad: Hajiya, 200 ɗin nan ko dai a kwamfuta aka zuba masa, ko faifan ya sha karce. Ni a wannan harka nake ci. Wannan gem ba ya yawo kamar FIFA, kaɗan ne suka shigo da shi. Na ga sabo a leda an ce 600. In faifan Adum lafiya yake, 350 ba zalunci ba ne. Ka ce a saka maka a inji a gabanka kafin ka ba da kuɗi. Ba ya buƙatar intanet don a buga.

Hajiyar Tafo: Mai sayarwa dama ba zai ce kaya sun yi tsada ba.

Mai Gyaran Pad: Ba shagona ba ne, Hajiya. Kuma ke ba ki buga ba, labari aka ba ki.

Ummu Zango: Ni na buga a Switch. In kiwon dodanni yaron ke so, ba nan zai samu ba. Digimon ɗin cikinsa ɗari da 'yan kai ne, ana lallashinsu da magana a fagen faɗa su biyo ka, kuma amsoshin kamar caca suke. Ka nema masa wani gem ɗin Digimon, Cyber Sleuth Complete Edition, sama da 300 ne a ciki, yana ta renonsu yana sauya musu siffa. Wani abu kuma, Survive ba na ƙananan yara ba ne duk da zanen. Mutuwar Ryo, ɗaya daga cikin yaran, ta tsaya min a rai, ballantana abin da ya faru tsakanin ɗan'uwansu Shuuji da Digimon ɗinsa Lopmon.

Yaron Sawaba: Haba Anti! Ban kai wurin Shuuji ba fa!

Malamin Asawase: Complete Edition ai babu shi a PS4, Switch da kwamfuta ne. A PS4 daban-daban suke, Cyber Sleuth da Hacker's Memory, kuma su ma akwai karatu. Amma maganarki kan mutuwar gaskiya ce. Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne a zagayen farko duk ƙoƙarinka ba za ka ceci waɗannan biyun ba, sai ka gama ka sake sabon zagaye kafin hanyar gaskiyar labarin ta buɗe. Duk da haka ina ganin ɗan shekara 15 zai iya, ƙila ma ya gyara masa Turanci.

Baban Nana: Malam, kai malami ne, karatu abincinka ne. Yaron da ya fito daga jarrabawa za ka sake miƙa wa littafi?

Ummu Zango: Wanda ya tsaya a kashi na 2 ne zai ba da shawara?

Baban Nana: Na kai 8, ki karanta da kyau. Kuma tambayata ita ce, me ya sa har yanzu sai mun buɗe akawun da adireshin Amurka ko Ingila, mu sayi katin zuba kuɗi a akawun a hannun 'yan tsakiya da ribarsu a kai? Shi ya jefa mu hannun irin yaron nan.

Mai Gyaran Pad: Wannan kam gaskiya ne. Katin dala 20, kowa da kuɗin da yake yanka maka, yau daban gobe daban, wai dala ta motsa. In ta sauka kuma ba ka jin sun rage.

Hajiyar Tafo: Akwai wanda ya sayar wa ɗan yayata katin da an riga an yi amfani da shi.

Ɗan Aboabo: Na gode duka. To in saya ko in bari?

Baban Nana: Nawa na cikin durowa, kawo 300 ka ɗauka. Hajiya, wancan mai katin, a Kejetia yake ko a Adum?