Shin shiruna ya sarayar da haƙƙina na ƙalubalantar hukuncin sasanci?

Ɗan kwangila:
Assalamu alaikum. Na yi kwangila da wani kamfani, rikici ya taso, muka je gaban mai sasanci, wato wanda ke yanke hukunci tsakanin masu rikici a wajen kotu. Tun zaman farko na gane ya taɓa yi wa kamfanin aikin lauya, amma na yi shiru har ya yanke hukunci a kaina. Zan iya kai ƙara kotu?

Lauya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Dokar Sasanci ta Najeriya ta 2023 ta ba ka wata uku ka nemi kotu ta soke hukuncin, sai dai shirunka zai cutar da kai, domin wanda ya san aibi, ya ci gaba da zama bai yi ƙorafi ba, ana ɗaukarsa ya sarayar da haƙƙinsa.

Ɗaliba:
Barista, ai a 2023 kotun Landan ta soke hukuncin sasancin da ya sa kamfanin P&ID ke bin Najeriya sama da dala biliyan 11, duk da jinkirin da Najeriya ta yi wajen ƙalubalantarsa.

Lauya:
Haka ne, Malama, amma can cin hanci aka ɓoye, kuma kotu ta gamsu Najeriya ba ta da hanyar gano shi lokacin sasancin. Alhaji kuwa ya gani da idonsa tun ranar farko.